Karɓar Sabon Ɗalibi a Samaru, Da da Yanzu

A ranar 4 ga Oktoba 1962, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ƙofarta a Samaru da ke Zariya, Sardauna yana matsayin ubanta, Norman Alexander kuma yana shugabancinta, ɗaliban da suka shigo ba su da yawan da zai hana a san kowannensu da suna da garinsu, har ma da makarantar da ta yaye shi. Mu da muka shiga aikin rajistar ɗalibai daga baya mun tarar da ragowar wannan al'ada a hannun magabatanmu, waɗanda suka ɗauki sabon ɗalibi a matsayin amana, kamar yadda mahaifi kan damƙa ɗansa ga malamin zaure ya juya ya tafi da natsuwa a zuciyarsa.

A wancan zamani Arewa ce take neman ɗalibi, domin Turawa suna barin kujerun mulki, gwamnati kuwa tana matuƙar bukatar 'ya'yanta su gaje su; saboda haka yaron da ya sauka daga jirgin ƙasa da akwatinsa na ƙarfe yakan iske ɗaki yana jiransa, da tikitin abinci, da tallafin karatu daga hukuma, alhali kuwa aikin da zai yi bayan ya kammala ma kusan a tanade yake. Matsalar ita ce ƙarancin waɗanda suka cika sharuɗɗan shiga, kasancewar sakandare ba ta yawaita a lardunanmu ba. Wannan ne ya sa a zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka kafa makarantar share fage da kowa ya sani da SBS, kuma a ganina babu wata hikima da ta amfani talakan Arewa a sha'anin ilimi mai zurfi kamarta, gama a nan ne ɗan manomi ya koyi zama a babban zauren darasi, ya koyi neman littafi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ya saba da muraja'a ba tare da wani ya tsaya a kansa da bulala ba, tun kafin a kira shi ɗan jami'a.

Shekarar 1978 ce ta sauya al'amura. A cikinta aka kafa hukumar JAMB, aka karɓe ikon jarraba masu neman gurbi daga hannun kowace jami'a aka tattara shi wuri guda, don a hana mutum ɗaya riƙe gurabe uku yayin da wani ya rasa ko ɗaya. A cikinta kuma ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abinci ya tayar da tarzomar da aka laƙaba wa sunan Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, aka yi hasarar rayukan ɗalibai a Samaru, Allah ya jiƙansu. Ba a jima ba ciyarwar ta yanke gaba ɗaya, ɗakunan Suleiman da Amina da Ribadu suka cika suka batse, sabon ɗalibi ya wayi gari yana raɓe a gadon wani.

Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne wanda ya ɗauki nauyin da ofis ya kasa ɗauka. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwa da jihohi, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da takwarorinta na Kirista, su ne suka riƙa kafa tebura a bakin ƙofa, suna tarbar baƙo, su nuna masa inda ake tantance takardu da inda ake biyan kuɗi, su raka shi tsangayarsa, sau da yawa ma su ciyar da shi kwana da kwanaki, ba don wata lada ba face ta Ubangiji.

Yau kuwa jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan tun 2015, rajista ta koma intanet, yaro yakan biya kuɗinsa ya zaɓi darussansa tun yana Gumel ko Yawuri, kuma lalle wannan ya rage wahalar layi da ɓatan fayil. Sai dai ranar da ya iso, riƙe da takardar da ya bugo a shagon kwamfuta, tambayar da yake yi wa mai gadi ita ce wadda kakansa ya yi, wato ina zai kwana, kuma wa zai gani da safe, har zuwa ranar da za a sanya masa rigar rantsuwa a shigar da sunansa cikin kundin jami'a.