Sallah a Bakin Nilu: Yadda Hausawan Sudan Suka Riƙe Kiɗa da Al'adunsu

Babbar Sallah tana da wani nauyi na daban a ƙauyukan Hausawa da ke Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Ranar da alhazai ke tsaye a Arfa, mutanen waɗannan ƙauyuka suna sane da cewa wannan tsayuwar ce ta raba kakanninsu da Kano da Sakkwato da Katsina da Haɗeja. Wasu sun isa Makka, a hanyar komawa gida suka yada zango a nan. Wasu guzuri ya ƙare musu, suka tsaya neman na gaba, zaman ya miƙe har aka haifi 'ya'ya da jikoki. Masani C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da su a yankin Wad Madani, ya nuna a littafinsa na 1995 cewa har jikoki da tattaɓa-kunne suna ɗaukar kansu mahajjata ne da ke kan hanya, ko da ba su taɓa ganin Bahar Maliya ba.

Mutanen da ke ganin kansu matafiya ba su cika damuwa da gina manyan soraye ba. Abin da suka adana shi ne abin da ake iya ɗauka a ka da a baki: karatu, waƙa, kiɗa, girki, gaisuwa. Ranakun Sallah da na Mauludi su ne lokacin da ake fito da waɗannan kaya a idon jama'a, yara su gani su koya.

Tarihin zaman nan yana da mafari sananne. Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira ya nufi gabas, dubban mutane suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai maganar da ke yawo cewa a ƙarshen zamani jama'a za su yi ƙaura zuwa bakin Nilu, don haka masu bin Attahiru sun san inda suka dosa. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, Turawa suka cim masa, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903 tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ratsa ƙasashen Chadi da Darfur. Wajen 1906 suka sauka kusa da ƙauyen Shaihu Ɗalha, kudu da birnin Sinnar, daga bisani suka kafa garinsu a ɗaya gaɓar kogin. Garin ya ci sunan mai shi, har yau Mai Wurno ake ce masa, kuma har yau akwai gidan sarauta a cikinsa.

Mahukuntan Sudan na lokacin, su ma Turawan Ingila ne, sun bar Mai Wurno da jama'arsa su zauna saboda suna da bukata. Ƙasar ta yi asarar mutane a shekarun yaƙin Mahadi da yunwa, ga shi ana shirin babban aikin noman auduga. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun Jazira da fadan (ma'aunin faɗin gona a Sudan) dubu 300, wanda ya bunƙasa ya kai kusan fadan miliyan biyu bayan an ƙara yankin Manaƙil. Auduga kuwa sai da hannu. Mahajjata daga yamma, masu biyowa ta Maiduguri da Fallomi da Abashe da Junaina da Fashir zuwa Ubayyid inda jirgin ƙasa yake, su suka zama ƙashin bayan cirar auduga. Kaɗan daga cikinsu sun sami gonakin haya, mafi yawa suka zauna a matsugunan leburori da ake kira kambo, a gefen ƙauyukan Larabawa. Wasu suka gangara kudu, Sinja da Suki har Rusairis, suna noman bakin kogi da su.

A irin wannan zama ne bikin Sallah ya zama abin da ke haɗa kan mutane. A kambo babu sarki mai dawaki, babu hawan daba irin na Kano ko Katsina. Akwai limami, akwai mai unguwa, akwai filin idi. Bayan an sauko, sai yawon gaisuwa daga gida zuwa gida da Hausa tsantsa, a ci tuwo da miya, a raba nama in ta layya ce. Kamar yadda al'adar Sudan take, ana yawan ajiye ɗaurin aure a kwanakin Sallah, lokacin da 'yan ci-rani suka dawo gida, saboda haka makaɗa ba sa rasa aiki. Kalangu da ganga suna nan, haka ma algaita, wadda mutanen Sudan ke kira kita, wadda sautinta ya daɗe da fita daga unguwannin Hausawa da Barebari ya shiga bukukuwan wasu ƙabilu. Ba wata hukuma da ta ware wa wannan kuɗi. Kari da liƙi da gudummawar biki su suka ciyar da makaɗi, shi kuma ya koya wa ɗansa.

A garin Mai Wurno lamarin ya ɗan bambanta, domin can akwai fada, kuma Fulatanci ya yi ƙarfi tare da Hausa da Larabci. Mutanen da suka kafa shi magada jihadi ne, sun zo da littattafai da waƙoƙin wa'azi na Shehu da iyalansa, na Fulatanci da na Hausa. Shehu kansa ya soki shagalin kiɗe-kiɗe na fadar sarakunan Haɓe, don haka jan-in-ja tsakanin malami da makaɗi tsoho ne, kuma ya ƙetare Sahara tare da ayari. Mauludi shi ne inda aka sami matsaya. A Sudan ana raya shi da kafa rumfunan ɗariƙu a fili har tsawon dare goma sha biyu, ana bege ana zikiri, ana sayar da alawar Mauludi. Ƙadirawa da Tijjanawan Hausawa sun shiga wannan tsari ba tare da wata wahala ba, domin begen Annabi da murya mai daɗi abu ne da suka taso da shi.

Akwai kuma fasahar da ba a cika lissafa ta ba, wato zayyanar allo. Makarantar allo, wadda a Sudan ake kira halwa, ita ce cibiyar kowane ƙauyen Hausawa, kuma malaman yamma sun yi suna a ƙasar wajen haddar Alƙur'ani. Idan yaro ya kai wani mataki na karatu, akan ƙawata masa allo da zane mai launi, ya zagaya da shi gidajen dangi ana ba shi sadaka. Mai zayyana gwani ne na gaske, ya san lissafin layi da haɗin launi, amma da wuya a ji an kira shi mai fasaha, domin da an wanke allon aikinsa ya tafi.

Wadda ta fi kowa fito da muryar wannan al'umma fili ba a ƙauyen Jazira aka haife ta ba, amma jininsu ce. A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha Falatiya, a Kasala aka haife ta. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da aikin hajji ya kawo. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Umdurman, a nan ta koyi sarrafa murya wajen tilawa. Da ta fara waƙa a gidajen biki tun tana yarinya, uban bai so ba ko kaɗan, domin a lokacin mace mawaƙiya ba ta da daraja a idon jama'a. Ba ta fasa ba. Ta je Alƙahira aka ɗauki waƙoƙinta a faifai, ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata molon Larabawa. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Duk wata mawaƙiyar Sudan da ta zo bayanta ta ƙofar da ta buɗe ta shigo.

Haka abinci ya yi. Agashe, naman da ake gasawa da ƙuli-ƙuli da yaji, ya zama abincin kowa a titunan Hartum da Madani, musamman da daddare da lokutan biki. Godo-godo na gero da nono, wanda matan Hausawa ke sayarwa, shi ma ya sami karɓuwa.

Sai dai ƙasar da ta karɓi murya da girki ta daɗe tana ɗari-ɗari da masu su. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 da ta 1957 sun ɗaure hakkin ga wanda zuriyarsa ke Sudan tun kafin Turawa su ci ƙasar a 1898, abin da ya bar zuriyar mutanen Burmi da leburorin auduga a tsaka-mai-wuya, duk da cewa Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa ƙasar tun kafin wannan lokaci. A farkon shekarun 1970 gwamnatin shugaba Numairi ta rushe tsarin sarautun gargajiya, wanda ya rage wa fadoji ƙarfi. Mutumin da ake tuhumar asalinsa yakan yi kaffa-kaffa da nuna al'adarsa a bainar jama'a, kuma matasa da yawa da suka shiga birni sun zaɓi su yi Larabci kawai don a daina nuna su. Wannan rashin adalci ne, kuma ya ci al'adu fiye da yadda rediyo ko talabijin suka ci.

Abin da aka tsira da shi a rubuce, masana kaɗan ne suka tsamo shi. Mark Duffield ya wallafa nazarinsa kan garin Mai Wurno a 1981. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, ɗan garin ne, ya rubuta littafi kan Fulatancin Sudan a 1986, da wani kan Hausar Sudan a 1999, inda ya nuna yadda Larabci ke shiga cikinta a hankali. A 2017, da aka zaɓi Sinnar a matsayin birnin al'adun Musulunci na shekara, idon duniya ya ɗan juyo yankin. Amma biki na shekara guda ba ya maye gurbin ɗaukar muryar tsohuwa mai waƙar niƙa kafin ta koma ga Allah.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa waɗannan ƙauyuka mummunar illa. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautarsu, aka kashe mutum fiye da 100, dubbai suka bar gidajensu a Rusairis da kewaye. A Oktoba na shekarar aka sake kashe kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi. Sai ga yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamban 2023, suka kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Sojoji sun ƙwato Sinja a Nuwamban 2024, Madani kuma a Janairun 2025, amma kafin nan an watsa ƙauyuka masu yawa, kuma mazauna kambo sun sha wuya a hannun ɓangarori dabam-dabam. Har gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum an wawashe shi. Mutane da dama sun yi Sallah a sansanonin gudun hijira a Gadarif da Kasala, nesa da filin idinsu da makaɗansu.

Al'adar da ke rayuwa a bakin mutane, idan mutanen suka warwatsu, tana iya yankewa cikin ƙarni guda. Nan ne 'yan'uwa na gida suke da abin yi. Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa na Kaduna, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, duk suna da masana da kayan ɗaukar murya. Ya kamata su haɗa hannu da malaman Jami'ar Sinnar da ta Jazira, a bi dattawa da makaɗa da masu bege a inda suke, a ɗauki waƙoƙinsu da labaransu, a ajiye kwafi a Sudan, a ajiye a Nijeriya. Gidajen rediyon Hausa su ba su fili a shirye-shiryen Sallah, masu shirya bukukuwan al'adu a Kano da Sakkwato da Maraɗi su gayyato makaɗansu, su biya su hakkinsu. Jikokin mutanen Burmi ne, kuma Sarkin Musulmi ne kakanninsu suka bi har bakin Nilu, don haka Fadar Sakkwato ce ta fi cancanta ta fara wannan kira.