Tarihin Haɗuwar Masu Sake Yanka Fim da 'Yan Demo

Masu sake yanka fim don sha'awa da masu ƙera hoto da kiɗa da kwamfuta, waɗanda ake kira 'yan demo, jama'a biyu ne da suka taso nesa da juna. Na farko sun fi ƙarfi a Amurka, na biyu kuwa a arewacin Turai da Jamus. Ba su taɓa zama ƙungiya ɗaya ba, amma tun daga shekarun 1980 suke ta haɗuwa a kan matsala guda, wato yadda za a sa hoto ya bi kiɗa daidai wa daida da ƙaramar na'urar da ke cikin gida.

Ana danganta farkon yankan fim na masoya da Kandy Fong, wadda a 1975 ta jera hotunan shirin Star Trek a majigi tana canza su bisa tafiyar waƙa a gaban taron masoya shirin. Da bidiyon kaset ya shiga gidaje, sai aka koma aiki da na'ura biyu, ɗaya tana kunna fim, ɗaya tana naɗa. Aiki ne mai cin rai. Dole a bi waƙar daga farko zuwa ƙarshe, kuskure ɗaya a tsakiya kan sa a sake duk abin da ya biyo baya, kuma kowane kwafi ya fi na gabansa dushewa. Mata ne mafi yawan masu wannan aiki, kuma rukuni-rukuni suke yi saboda tsadar na'urorin. A 1982 Jim Kaposztas ya haɗa faɗace-faɗacen katun ɗin Star Blazers da wata waƙar Beatles, aikin da ake ɗauka a matsayin mafarin bidiyon waƙa na katun ɗin Japan.

'Yan demo kuwa daga satar fasaha suka fito. Samarin da ke karya kariyar wasannin Commodore 64 sukan liƙa ɗan gajeren zane mai motsi da kiɗa a gaban wasan don a san aikin wane ne. A hankali tallar ta fi hajar daraja, aka ware ta ta zama fasaha mai zaman kanta. Ƙungiyar Razor 1911 ta kafu a Norway a 1985, Fairlight a Suwidin a 1987. Daga nan aka shiga manyan tarukan gasa: The Party a Denmark daga 1991, Assembly a Finland daga 1992, inda ƙungiyar Future Crew ta ci gasa a 1993 da aikinta Second Reality.

A kan ɗabi'ar aiki, ɓangarorin biyu hannun riga suke. Abin alfaharin ɗan demo shi ne kwamfuta ta lissafa hoton nan take, ba naɗaɗɗen bidiyo take kunnawa ba, kuma ɗaukar zanen wani ba da izini ba abin kunya ne a wurinsu, duk da tushen da suka fito. Mai yankan fim kuwa duk kayansa na aro ne. Gwanintarsa tana wurin zaɓi da jeri.

Kwamfutar Amiga, wadda ta fito a 1985, ita ta fara kawo su wuri ɗaya. An gina ta yadda hotonta ke tafiya da siginar talabijin, don haka da ƙaramar na'ura mai suna genlock ana iya ɗora rubutu ko zane a kan bidiyo. Masoya katun ɗin Japan a Amurka da ita suka riƙa sa fassarar Turanci a ƙasan hoto suna naɗawa a kaset, a daidai lokacin da ita ce sarauniyar tarukan demo a Turai. A 1992 ƙungiyar Spaceballs ta Norway ta ɗauki bidiyon mai rawa, ta bi siffarta ta mayar da ita inuwa mai launi, ta yanka ta bisa bugun kiɗa. Wannan aiki, State of the Art, ya ci gasar The Party, ya kuma jawo muhawara, don wasu na ganin bidiyon waƙa ne ba demo ba. Masu sukar ba su yi ƙarya ba, sai dai abin da suke kushewa shi ne ya sa ake tuna aikin har yau.

Haɗuwa ta biyu ta zo ta wasanni. Wasan Quake yana iya adana abin da ɗan wasa ya yi, sai wata ƙungiya mai suna Rangers ta yi amfani da wannan a 1996 ta shirya Diary of a Camper, fim mai labari a cikin wasan. Salon ya samu sunan machinima: kayan aro ne kamar na masu yanka, amma kwamfuta ke zana shi nan take kamar demo. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Bafaranshe Jérôme Rota ya kutsa wata manhajar Microsoft ya fito da DivX, wadda ke matse fim guda cikin faifan CD ɗaya. Ita da manhajar VirtualDub ta Avery Lee suka sauƙaƙa yanka da rarrabawa, har The Phantom Edit, inda Mike J. Nichols ya cire wa fim ɗin Star Wars na 1999 kimanin minti 18, ya bazu a 2001.

Inda haɗin ya fi fitowa fili shi ne Bad Apple!!, bidiyon inuwa baƙi da fari da masoya wasannin Touhou suka fitar a Japan a 2009. 'Yan demo sun mayar da shi ma'aunin gwada tsofaffin na'urori. A 2014 Jim Leonard ya kunna shi a kan samfurin IBM PC na 1981 cikin aikinsa 8088 Domination.

Hukumomi ba su karɓi ɓangarorin biyu iri ɗaya ba. Masu yanka sun sha fama da dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, sai a 2010 Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar ya yarda a kwafi gajerun sassa daga DVD don bidiyon da ba na kasuwa ba, izinin da ake sake dubawa duk bayan shekara uku. Fasahar demo kuwa, Finland ta sa ta cikin jerin al'adun gado na ƙasa a 2020, Jamus ta bi sahu a 2021.