Ruwan Tiga da Fadamun Haɗejiya-Nguru

Duk wanda ya ratsa Kadawa ko Kura da rani ya ga koren alkama da tumatir, da wuya ya ga laifin Audu Baƙo. A zamanin mulkinsa ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya karkashe dabbobi ya kuma kori talakawa daga garuruwansu. A ganin mahukuntan wancan lokaci, ruwan da ya wuce Wudil ya malale cikin daji asara ce. Tare shi aka yi, aka ba birnin Kano abin sha, aka ba manoman rani magudanai. A 1992 kuma aka ƙara da madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye.

To amma wannan daji da ake cewa ruwa na lalacewa a cikinsa, gidan mutane ne. Tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa, inda Kogin Haɗejiya da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama Komadugu-Yobe, ambaliyar damina ita ce jarin kowa. Idan ruwa ya cika, mai shinkafa ya shuka, masunci ya jefa taru. Idan ya janye, mai wake ya bi danshi, Bafulatani ya sauko da shanunsa, rijiyoyin ƙauyuka kuma su samu abin da ya tsuma a ƙasa. Fili ɗaya, masu cin moriya huɗu ko biyar, kowa da lokacinsa. Ba a rubuta wannan tsari a takarda ba, wataƙila shi ya sa injiniyoyi ba su gan shi ba.

Sai a farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki, irin su Edward Barbier, suka zauna suka ƙiyasta kifi da itacen girki da amfanin fadama da kuɗi. Abin da suka gano ya ba da mamaki: ruwan da aka bari ya malale a fadama ya fi wanda aka kai gonakin rani riba nesa ba kusa ba. Mu dai abin da ya dame mu shi ne, sai da aka mayar da maganar masunci lissafin dala kafin a saurare ta.

Ɓarnar ba ta tsaya ga ƙarancin ruwa ba. Da Tiga ta riƙa sakin ruwa rani da damina, sai wuraren da suka saba bushewa suka daina, ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye hatsi. Wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, wasu ya yanke musu.

Wannan ne ya sa batun madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are ya daɗe yana ta da jijiyoyin wuya. Bauchi na son noman rani kamar yadda Kano ta samu, mutanen Yobe da Borno kuwa sun san daga wannan kogi ne mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa yake fitowa.