Wuta Ma Tana Da Bayi

Mu nan Sanyinna, ƙasar Tambuwal ta Buhari ɗan Shehu, ba baƙi ba ne ga waƙoƙin gidan Shehu Usmanu. Yau ɗaya daga ciki nake so mu duba, wato Tabbat Haƙiƙa. Shehu ya yi ta da Fulatanci bayan nasarar jihadin 1804, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831.

Abin lura, nasa mutanen ya yi wa gargaɗi a cikinta, su sarakuna da alƙalai da 'yan kasuwa da mulki ya dawo hannunsu. Cikin laifuffukan da ya lissafa har da bautar da ɗa, wato a kama mutum mai 'yanci a mai da shi bawa. Sakamakon kuwa, Shehu ya siffanta wutar Lahira tamkar ubangida, azzalumin ya koma bawanta. Kun ga hikima? Mutanen wancan zamani sun san mari a ƙafa, sun san a raba uwa da ɗanta a kasuwa. Da abin da suka sani ya tsoratar da su. Tushen maganar yana cikin hadisin Buhari, inda Allah Ya ce Shi da kansa zai yi shari'a ranar ƙiyama da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin.

To amma gaskiya ɗaya ce, waƙar ba ta hana bauta ɗungurungum ba, zalunci a cikinta ta hana. Rumada sun ci gaba da cika da bayi har Turawa suka ci Sakkwato a 1903, ba a kuma soke bauta kwata-kwata a Arewa ba sai 1936.

Yanzu babu kasuwar bayi, amma ni a ganina waƙar ba ta gama da mu ba. 'Yar aikin da aka kawo miki daga ƙauye, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, ba boko ba allo, kuɗinta kuma wata ke karɓa. Me za ki kira wannan? Ga kuma yarinya mai tarbiyya a fasa aurenta, wai kakanninta bayi ne. Wa ya tabbatar miki ba 'ya'ya ne aka sace ba, irin waɗanda Shehu ya yi faɗa dominsu?

Don Allah mu ji tsoron Allah. Allah Ya tsare mu da haƙƙin bayinsa, amin.