Bahasi a Kan Rabe-raben Sauyin Sinadarai da Sababin da Ke Ƙarƙashinsu

Duk ɗalibin da ya shiga babin sauye-sauyen sinadarai zai tarar littafinsa ya kasa su gida biyar, wato haɗuwa, da rabuwa, da ture, da musanya, da ƙuna, kuma galibin mu'allimai sukan wadatu idan yaro ya haddace sunayen nan ya kawo misali ɗaya ɗaya ranar jarrabawa. Ba na musun fa'idar wannan rabo ga mai farawa, amma da'awata ita ce rabon ya tsaya a kan zahirin abin da ido ke gani a rubuce, bai taɓa sababin da ya sa sauyin ya auku ba. Wanda kuwa ya san hukunci bai san illarsa ba, kamar yadda malaman fiƙihu suka sani, ba zai iya ƙiyasi ba ranar da aka kawo masa mas'alar da ba ta cikin littafi.

Asalin da aka gina babin nan duka a kansa shi ne ƙa'idar da Labuwaziye, masanin nan na Faransa, ya tabbatar da ma'auni, ya kuma shimfiɗa ta a littafinsa na 1789, cewa nauyin abin da ya shiga sauyi daidai yake da nauyin abin da ya fito, domin ƙwayoyin zarra ba su ƙaruwa ba su raguwa, abokan zama kawai suke sakewa. Idan aka ƙona giram 24 na ƙarfen maganiziyam, wanda ke ci da wani farin haske mai kashe ido, zai haɗu da giram 16 na iskar oksijin, a sami giram 40 na farar toka. Wannan ita ce haɗuwa. Idan kuma aka gasa giram 100 na dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi, har zafi ya kai wajen digiri 900, giram 44 za su tashi iska, giram 56 su saura. Wannan ita ce rabuwa. Ture kuwa shi ne a jefa ƙusa cikin shuɗin ruwan gishirin jan ƙarfe, bayan ɗan lokaci a ga ƙusar ta yi jar riga, ruwan ya fara kodewa, saboda baƙin ƙarfe ya kori jan ƙarfe ya zauna a gurbinsa.

To, a nan ne raunin rabon yake bayyana ga mai lura. Ƙonewar maganiziyam haɗuwa ce kuma ƙuna ce a lokaci guda, ashe ke nan gidajen suna shiga juna. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, rabuwar dutsen farar ƙasa da rabuwar ruwa zuwa haidirojin da oksijin ta hanyar wutar lantarki, ko da yake littafi ya ajiye su a gida ɗaya, haƙiƙarsu ba ɗaya ba ce ko kaɗan, domin a ta biyun wasu ƙwayoyi masu suna ilektiron, waɗanda Tomson ya gano a Ingila a 1897, suna barin wata zarra su koma wata, alhali a ta farkon babu zarrar da ta rasa ilektiron ko ta samu. Saboda haka tambayar da ta kamata ɗalibi ya riƙa yi wa kowane sauyi ita ce: mene ne ya tashi daga hannun wannan ya koma hannun wancan?

Mafi faɗin amsoshin shi ne ilektiron, kuma ban san inda ake ganin wannan da kyau kamar marinar Ƙofar Mata a Kano ba. Shuni a yadda yake ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai kama zane ba. Marini yakan zuba baba da toka a rijiyar rini, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana motsawa da doguwar sanda har kumfa ta taso. A cikin wannan ruwa mai kaifin toka ƙananan halittun da ido ba ya gani suna miƙa wa shunin ilektiron, sai ya zama mai narkewa, launinsa ya koma tsakanin rawaya da kore, ya ratsa zaren. Da zarar an ɗago zanen ya sha iska, oksijin ta karɓe abin da aka ba shi, sai ka ga kore yana rikiɗa shuɗi a hannun marinin, shunin ya daskare a cikin zare yadda wanki ba zai fitar da shi da sauƙi ba, kuma wannan ne dalilin tsomawa da ɗagowa da yake ta maimaitawa. Tsatsar garma, da cin itace a murhu, da ƙusar nan da ta yi ja, da numfashin da jikinmu ke ƙona abinci da shi, duk mas'ala ɗaya ce da ta marina, ko da littafi ya warwatsa su gida-gida.

Amsa ta biyu ita ce ƙwayar haidirojin da ake kira furoton, bisa ta'arifin da Buronsted na Danmak da Lauri na Ingila suka kawo, kowa da kansa, a 1923: asid shi ne mai bayar da ita, alkali kuma mai karɓa. Uwargidan da ta jefa kanwa a ruwan tsamiya ta ga ya yi tsiri yana kumfa, tsamin ya karye, wannan sauyin take aiwatarwa, kumfar kuwa iskar nan ce da ta tashi daga gasasshen dutse.

Akwai kuma inda ba a miƙa ko ɗaya daga cikin biyun, kamar idan aka zuba ruwan gishiri a narkakken gishirin azurfa, nan take fari ya turnuƙe ruwan ya kwanta a ƙasa. Sababin kawai shi ne biyu daga cikin narkakkun sun gamu sun yi abin da ruwa ba ya iya riƙewa. Da mu'allimi zai fara da rabon nan na gida biyar a darasin farko, sa'an nan ya sa ɗalibai su sake kasa misalan da kansu bisa waɗannan sabubba uku, da zai gane tun kafin jarrabawa waɗanda suka fahimta da waɗanda suka yi hadda kurum.