Tsohon oba-oba da kwamfutar da ke jin yarensa

Duk wanda ya taɓa ganin oba-oba a hannun mai gadi ko cikin motar ɗaukar marasa lafiya, ƙila ya ci karo da sunan Motorola. Kamfanin Amurka ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu, yana amsa sunan Galvin, ya ƙera wa sojoji SCR-300, rediyon da ake goyawa a baya, nauyinsa ya haura kilo 14. Sai a 1947 kamfanin ya koma Motorola.

A wancan zamani, in kana son sauya zangon da rediyo ke magana a kai, sai ka buɗe shi ka canza wani ɗan ƙaramin dutse da ake kira kiristal, kowane zango da nasa. Daga shekarun 1980 aka fara rubuta zangon cikin ƙwaƙwalwar rediyon da kwamfuta. Manhajar Motorola ta wannan aiki sunanta RSS, kuma a kan DOS take tafiya, wannan baƙin allon da babu hoto sai rubutu. Da ita ake saita GP300 na hannu da GM300 na mota, waɗanda suka fito farkon shekarun 1990.

To ga inda matsalar take. Yawancin waɗannan manhajoji suna auna lokaci ne da saurin kwamfutar kanta. An rubuta su don injuna masu tafiyar hawainiya, irin 286 da 386 da 486. Ka ɗora su kan kwamfutar yau, sai ta watsa magana kafin rediyon ya buɗe kunne. In an yi sa'a, ta ce ba ta ga rediyo ba, shi ke nan. In ba a yi ba, ta fara rubutu ta tsaya a tsakiya, bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwar su dagule, rediyo lafiyayye ya koma sai ƙara kawai yake yi. Haka ma in wuta ta ɗauke ana cikin rubutun, abin da mu nan ba baƙonmu ba ne.

Kuma fa ba kwamfutar kaɗai ba. Ana buƙatar tsohuwar kafar nan ta COM mai ƴan allurai, da wani ɗan akwati mai suna RIB da ke shiga tsakani, shi ma da batirinsa. Wayar USB da ake sayarwa a madadin kafar, sau da yawa DOS ba ya ganinta. Wasu na dabara da DOSBox, suna rage wa kwamfuta gudu. Yana yi wani lokaci, amma ni dai ba zan ɗora rediyon mutane a kansa ba in da tsohon inji a kusa.

Daga baya, a zamanin GP340, aka koma manhajar CPS ta Windows. Sannan a ranar 1 ga Janairun 2013 hukumar sadarwa ta Amurka ta tilasta matse faɗin zango daga kilohaz 25 zuwa 12.5, rediyoyi da yawa da ba su iya hakan suka bar aiki can, suka faɗa kasuwar gwanjo. Ƙarfensu garau, sai dai suna ɗauke da zangon tsohon mai su.

Wanda ya sayi irinsu don wurin da salula ba ta kamawa, ya sani zango a Nijar sai da izinin ARCEP. Kuma kafin mai gyara ya rubuta komai, ya fara karanto abin da ke cikin rediyon ya adana a disket, ya tabbatar batirin rediyo da na RIB cike suke.