Taƙaitaccen Tarihin Samar da Babbar Turjiya a Kan Ƙwayar Silikon

Gabatarwa

Tun bayan kafa Rediyon Kaduna a 1962, akwatin tiransista mai aiki da batir ya shiga ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan, har ya zama abokin hirar manomin rake a gonarsa. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin wata matsala da ta taso a lokacin da masana suka so ƙanƙanta irin wannan na'ura.

Asalin Matsalar

An ƙirƙiro tiransista a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1947. A 1958 Jack Kilby, sannan Robert Noyce a 1959, suka nuna yadda za a harhaɗa kayan da'irar lantarki a kan ƙwaya guda. Sai dai rezista, wato abin da ke turje wa kwararar lantarki, ta zama alaƙaƙai. Siririn zirin silikon ne da ke ba da kimanin om 200 a kowace murabba'a, ke nan om miliyan ɗaya na bukatar murabba'a 5,000. Fili kuwa a kan ƙwaya tamkar fadama ce da rani, kowane taku da kuɗinsa.

Hanyoyin da Aka Bi

Hausawa kan ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. A tsakiyar shekarun 1960 Robert Widlar na kamfanin Fairchild ya haɗa tiransista biyu da ƙaramar rezista, suka samar da 'yar kwararar da a da sai babbar rezista ke iya bayarwa.

A 1977 masana a Jami'ar Kalifoniya, Berkeley, da wasu takwarorinsu suka farfaɗo da tunanin da James Clerk Maxwell ya bayyana tun 1873: idan ana cika kafasita ana juye ta bi da bi, lantarkin da ke wucewa ya dogara ne ga girmanta da saurin juyin. Kafasita mai fikofarad ɗaya da ake juyewa sau 100,000 a daƙiƙa daidai take da om miliyan 10.

A 2003 Harrison da Charles suka yi amfani da tiransistar da ke dab da rufewa, suka sami turjiyar da ta haura om tiriliyan ɗaya domin naɗar saƙon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Illarta ita ce ƙimarta na sauyawa da zafi.

Kammalawa

A ganinmu, ƙarancin fili ne ya haifar da waɗannan dabaru. Ya kamata mu malamai mu riƙa koyar da su tare da tarihinsu, domin ɗalibin da ya san dalilin ƙira ya fi wanda ya haddace zanenta.